Hayatu na Balda: tattaɓa-kunnen Shehu da ya nemi gadon Sakkwato da tutar Mahadi

Wanda ya bar Marwa ya nufi Bogo, a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, zai hangi wani dutse tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili. A gindinsa garin Balda yake. Yau ƙaramin gari ne na manoma da makiyaya, amma a shekarun 1880 sunansa ya kai Yola da Sakkwato da Kukawa, ya kai har bakin kogin Nilu. Dalili kuwa mutum ɗaya ne, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Daga nan ya yi kira ga Musulmin ƙasar Hausa da Fombina su bar sarakunansu su bi Mahadin Sudan, shi kuma ya zama wakilinsa a kansu. Kiran ya kai shi fagen yaƙi da 'yan'uwansa Musulmi, ya haɗa shi da Rabe, daga ƙarshe ya ci ransa a 1898.

Ɗan gidan sarauta da ƙofa ta rufe masa

An haifi Hayatu a Sakkwato wajajen 1840, bayan rasuwar kakansa Bello da 'yan shekaru. Mahaifinsa Sa'idu malami ne mai rubuce-rubuce, kuma Hayatu ya tashi cikin karatu irin na gidan Shehu, ya ƙoshi da Larabci da fiƙihu. Ya kuma san yaƙi, domin ya riƙe ribaɗin Gandi, ɗaya daga cikin garuruwan tsaron da aka kafa don kare Sakkwato daga hare-haren maƙwabta.

Sai dai akwai wata al'ada a daular da ta tsaya masa a gaba. Duk wanda aka naɗa Sarkin Musulmi bayan Shehu a ƙarni na 19, mahaifinsa ma ya taɓa riƙe wannan gado. 'Ya'yan Bello huɗu sun hau: Aliyu Babba a 1842, Aliyu Ƙarami a 1866, Abubakar Atiku na Raba a 1873, da Mu'azu a 1877. Sa'idu ba ya cikinsu. Da aka tsallake uba, ɗa ya san rabonsa ya yi nisa. Ga shi kuma zama ya ƙi daɗi tsakaninsa da mutanen Gandi, har garin ya fita hannunsa. A 1878 ya tattara nasa ya nasa ya nufi gabas, ya sauka Yola.

Abin da ya sa gabas

Tafiya gabas tana da ma'ana ta musamman ga mutanen daular Sakkwato. Shehu Usmanu da kansa ya yi rubutu a kan Mahadi. Ya musanta cewa shi ne, amma ya koyar da cewa bayyanarsa ta kusa, kuma jama'arsa za su kasance cikin masu mara masa baya. Muhammadu Bello ya umarci Modibbo Adama, wanda ya kafa masarautar Fombina, da ya riƙa sa ido a kan hanyar Wadai da Darfur don samun labarin Mahadi idan ya bayyana. Ke nan ƙasar Adamawa, wadda ta haɗa Yola da Garwa da Marwa da Ngaundere, ita ce ƙofar da aka daɗe ana sa ran labarin zai shigo ta cikinta. Hanyar alhazai ma ta nan ta bi. Bugu da ƙari, shekara ta 1300 ta Hijira tana ƙaratowa, wadda ta kama a ƙarshen 1882, kuma mutane da yawa sun ɗauka ƙarshen ƙarni lokaci ne na zuwan mai gyara.

Talaka kuma yana da nasa dalilin na jiran mai gyara. Shekara saba'in bayan jihadi, haraji ya yi yawa, sarauta ta zama gado, malamai suna kukan cewa an bar tafarkin Shehu. Duk wanda ya zo da alkawarin dawo da adalci zai sami kunnen saurare.

Lamiɗo Sanda, wanda ya mulki Yola daga 1872 zuwa 1890, ya karɓi Hayatu hannu bibbiyu. Jinin Shehu ba baƙo ba ne a ko'ina cikin daular. Hayatu ya zauna yana karantarwa, kyauta tana shigo masa daga masu neman albarka, shi kuma yana mayar da ita dawakai da makamai. Wajajen 1882 ya bar Yola da jama'arsa ya yi arewa. Lamiɗon Bogo ya ba shi wurin zama a Balda, a bakin iyakar da ikon Fulani ya tsaya, inda filayen Musgum da Masa suka fara har zuwa kogin Logon.

Zaɓen wurin ya nuna Hayatu ya san abin da yake yi. Lamiɓen yankin sun daɗe suna fama da Musgum ba su iya murƙushe su ba. Hayatu ya fara kai musu hari da sunan jihadi, yana dawowa da shanu da bayi, yana raba wa mayaƙansa. Labari ya bazu, samari masu neman ganima da almajirai masu neman lada suka riƙa kwararowa Balda: Fulani, Larabawan Shuwa, Hausawa, Barebari. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗar wannan bunƙasa su ne mutanen ƙauyukan da aka ƙone aka kwashe 'ya'yansu.

Wasiƙa zuwa Nilu

A 1881 wani malami mai suna Muhammad Ahmad ya bayyana kansa Mahadi a tsibirin Aba, a Sudan. A Janairun 1883 ya ci birnin El Obeid, a Nuwamban shekarar ya hallaka rundunar Masar da hafsan Ingila Hicks ke jagoranta, a Janairun 1885 Khartum ta faɗa hannunsa. Ga mai jiran alama, waɗannan nasarori sun isa hujja.

Hayatu ya aika masa da mubaya'a. Amsar da ta dawo ta ba shi abin da Sakkwato ta hana shi: Mahadi ya naɗa shi wakilinsa a kan jama'ar Shehu Usmanu baki ɗaya. Da takarda ɗaya, mutumin da ya rasa ƙaramin ribaɗi ya sami hujjar cewa yana sama da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, ɗan baffansa, wanda ya hau gado a 1881.

A nan ne aƙida da neman mulki suka saje. Koyarwar Mahadin Sudan ba ta bar wa kowa tsaka-tsaki ba. Ya soke ɗariƙu, ya ajiye mazhabobi, ya fifita jihadi a kan aikin hajji, ya kuma yanke cewa wanda ya ƙi gaskata shi ya kafirta. Wannan hukunci na ƙarshe shi ne mai nauyi a siyasance. A fiƙihun da Hayatu ya karanta, fita daga ɗa'ar shugaban Musulmi tawaye ne, kuma jinin Musulmi da dukiyarsa haramun ne. Amma idan ƙin Mahadi kafirci ne, to sarkin da ya ƙi shi ya rasa haƙƙin a bi shi, yaƙarsa ta zama jihadi, dukiyar talakawansa ta zama ganima. Abin da jiya sunansa tawaye, yau ya sami sunan ibada.

Hayatu ya rubuta wa Sakkwato da sarakunan daular yana kiran su su yi mubaya'a su yi hijira. Ya kafa hujja da maganar kakanninsa: ai Shehu ne ya ce a jira Mahadi, ga shi ya zo. Manyan Sakkwato suka duba suka ce siffofin da littattafai suka ambata ba su cika a kan mutumin Sudan ba. Maryam 'yar Shehu, wadda ta tsufa ana jin maganarta, tana cikin waɗanda suka yi rubutu suna hana mutane ɗaukar ƙafa su yi gabas. Su ma masu mulkin suna da abin karewa, domin karɓar Mahadi yana nufin miƙa wa Hayatu ragama. Kowane ɓangare ya buɗe littafi, kuma kowane ɓangare ya sami abin da ya dace da kujerarsa.

Duk da haka kiran ya sami masu amsawa. Mafi shahara shi ne Malam Jibrilla Gaini, wanda ya kafa sansaninsa a Burmi cikin ƙasar Gombe, ya gagari sarakunan yankin shekara da shekaru, har Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa wajen yaƙarsa a 1888. Mahadi ya rasu a Yunin 1885, wata biyar bayan cin Khartum, amma hakan bai sa Hayatu ya sauke tuta ba. Ya ci gaba da bin halifansa Abdullahi.

Yaƙi da Zubairu

Ƙarfin Balda ya fara tsorata lamiɓen da suka yi maraba da shi. Talakawansu suna guduwa can, haraji yana raguwa, garuruwan da ke bin Marwa da Mindif da Bogo suna juya fuska ga sabon ubangida. Suka kai kuka Yola. Lamiɗo Sanda bai so ya zare takobi a kan jinin Shehu ba, sai ya yi ta jan ƙafa har ya rasu.

Ƙanensa Zubairu, wanda ya gaje shi a 1890, mutum ne mai zafi, kuma ya ga cewa idan aka bar Balda, arewacin Fombina zai ɓalle. Da amincewar Sakkwato ya tara runduna ya haura arewa. Aka gwabza kusa da Binder, garin da yau yake cikin Cadi daf da iyakar Kamaru. Rundunar Zubairu ta fi yawa, amma da yawa cikin mayaƙansa zuciyarsu ba ta kwanta da yaƙar tattaɓa-kunnen Shehu ba, mutanen Hayatu kuwa sun zo da yaƙinin cewa wanda ya faɗi ya yi shahada. Hayatu ya yi rinjaye a fili, Zubairu ya tsira da ƙyar. Sai dai yayin da ake can ana fafatawa, wasu mayaƙan ɓangaren Yola sun zagaya sun cinna wa Balda wuta. Mai nasara ya dawo ya tarar da toka.

Musulmi ne suka kashe Musulmi a Binder, masu sallah ɗaya da alƙibla ɗaya, kowa yana ganin shi ne a kan tafarkin Shehu. A daidai wannan lokaci kuma Turawa suna zagaye ƙasar. Jiragen kamfanin Ingila suna hawa Binuwai, hafsan Faransa Mizon ya sauka Yola a 1891, tawagar Jamusawa ta Uechtritz da Passarge ta iso Garwa a 1893. A Nuwamban wannan shekara Ingila da Jamus suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ta bar birnin Yola ga Ingila, mafi yawan ƙasar Fombina kuma ga Jamus. Ƙasar da Zubairu da Hayatu ke zubar da jini a kanta an riga an raba ta a takarda.

Ƙawance da Rabe

Hayatu ya gane cewa dawakai da masu ba za su kai shi Sakkwato ba. Yana bukatar bindigogi, kuma mai bindigogi yana kusa. Rabe Fadlallah, tsohon kwamandan Zubair Pasha, ya baro Sudan tun ƙarshen shekarun 1870 da sojoji masu horo, yana cin ƙasa bayan ƙasa. Ya sa wa sojojinsa rigar Mahadiyya mai faci, ya ɗaga tutocinta, amma da aka kira shi Omdurman bai je ba. A 1893 yana yaƙin Bagirmi, a bakin kogin Shari, Hayatu ya tafi ya same shi a Manjafa.

Kowannensu ya ga abin da yake so a jikin ɗayan. Rabe baƙo ne mai ƙarfi da ba shi da asali a ƙasar, ga kuma jinin Shehu da wakilcin Mahadi sun zo har ƙofarsa. Hayatu yana da suna da hujja, ga kuma runduna. Aka ƙulla zumunci da aure, Rabe ya ba shi 'yarsa Hauwa. Lissafin Hayatu shi ne a fara da Barno, sannan a juya yamma.

Rabin farko ya tabbata da sauri. A cikin 1893 rundunar Rabe ta karya sojojin Shehu Hashimi, ta shiga Kukawa ta washe ta ta ƙone. Kiyari, wanda ya karɓi sarautar bayan Hashimi, ya sake tara mutane, shi ma aka kama shi aka kashe a 1894. Daular da ta fi kowace daɗewa da Musulunci a yankin Tafkin Cadi ta faɗi a hannun masu cewa sun zo tsayar da addini. Rabe ya kafa hedkwatarsa a Dikwa, ya gina fada, ya tsara haraji, ya zauna.

Rabi na biyu bai zo ba. A waɗannan shekarun ne ma daular Sakkwato ta fi rauni, domin daga 1893 zuwa 1895 Kano tana cikin yaƙin basasa tsakanin Tukur da Yusufawa. Idan akwai lokacin da Hayatu zai so a tafi yamma, to shi ne wannan. Rabe kuwa hankalinsa yana kan riƙe Barno, da neman hanyar sayen albarushi, da Faransawan da ke matsowa ta Shari. Ya ba surukinsa limanci da girma, ya hana shi runduna. Mutumin da ya ƙi zama a ƙarƙashin Sarkin Musulmi ya wayi gari yana jan sallah a fadar wani, ba shi da ikon fita gari sai da izini. Wanda ya hau dokin wani, inda mai dokin ya so nan za a sauke shi.

Ƙarshensa

A 1898, lokacin da Rabe ya fita yaƙi ya bar ɗansa Fadlallah a Dikwa, Hayatu ya yi shirin gudu. Jibrilla Gaini ya aiko masa da mahaya su raka shi zuwa Burmi. Ya fita da mutanensa, Fadlallah ya bi sawu ya cim musu, aka yi faɗa, aka kashe Hayatu. Wanda ya jagoranci kisan wan matarsa ne ko ƙanenta ta jini, kuma sojojin da suka harbe shi suna sanye da rigar Mahadin da ya ba da rayuwarsa dominsa.

Sauran ma ba su daɗe ba. A ranar 2 ga Satumban 1898 sojojin Ingila da Masar suka rusa daular Mahadiyya a Karari, kusa da Omdurman. A ranar 22 ga Afrilun 1900 Faransawa suka kashe Rabe a Kuseri. Fadlallah ya faɗi a Gujba a 1901. A Satumban wannan shekara Ingilishi suka ci Yola, Zubairu ya gudu, Jamusawa suka karya shi a Garwa, suka sake karya shi kusa da Marwa a Janairun 1902, ya mutu yana gudun hijira a 1903. A Yulin 1903 kuma Sarkin Musulmi Attahiru, wanda gidansu ya ƙi kiran Hayatu na yin gabas, ya faɗi a Burmi, garin Jibrilla, yana kan hanyar gabas ɗin.

Abin da ya bari

Tunanin Mahadi bai mutu da Hayatu ba, sai dai ya sauya abokin gaba. A Yulin 1907 mutum biyu suka tashi a arewacin Kamaru da sunan Mahadiyya: Mal Alhaji a yankin Marwa, da Goni Wadai wanda ya tara jama'a ya nufi Garwa. Bindigogin Jamus suka tarwatsa su duka biyun, aka kashe Goni Wadai kafin ya shiga garin, aka kuma rataye wasu shugabannin Fulani da aka zarga da mara masa baya. Daga nan Turawa suka ƙara jingina da lamiɓe, lamiɓe suka ƙara jingina da Turawa, domin mai wa'azin da ke tara jama'a barazana ne gare su duka.

Ɗansa Sa'idu ya gaji jagorancin mabiyan, ya zauna da su a Dumbulwa cikin ƙasar Fika. Ingilishi suka kama shi a 1923 bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Buea a kudancin Kamaru, daga baya aka mayar da shi Kano, inda ya rasu a 1978. A hannunsa Mahadiyya ta zama jama'ar karatu da zikiri da noma, kuma zuriyarsa da mabiyansa suna nan suna zaune lafiya da kowa.

Masana tarihi sun kasu a kan Hayatu. Wasu suna ganin malami ne mai gaskiya da ya ga daular kakanninsa ta lalace ya nemi gyara. Wasu suna ganin ɗan sarki ne da ya rasa gado ya nemo wata hanyar. Rayuwarsa ta nuna abubuwan biyu suna iya zama a zuciya ɗaya, har mai ita ya kasa rarrabe su. Mai yiwuwa ne mutum ya yi imani da gaske, kuma abin da ya yi imani da shi ya zama daidai abin da zai ɗora shi a kan kowa.

Bai dace a haɗa Hayatu da masu tayar da bam a kasuwa ba. Zamaninsa daban, iliminsa daban. Amma mutanen Kolofata da Fotokol da Amchide, da duk wanda ya ga abin da yankin Tafkin Cadi ya shiga tun 2009, za su gane wasu alamu. Akwai ƙasar bakin iyaka da hukuma ba ta kai wa sosai. Akwai matasa da ba su da abin yi, da kukan zalunci wanda gaskiya ne. Akwai kuma hukuncin da ke mayar da duk wanda bai bi ba kafiri, wanda da zarar an karɓe shi babu sauran jinin da ya haramta. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, daga wannan yanki ya fito kafin rikicinsa ya ci dubban rayuka a Kano a Disamban 1980. Abubakar Shekau ya yi shelar daula a Gwoza a 2014, ƙungiyarsa ta tsage a 2016 a kan wa zai shugabanta da kuma wa ya halatta a kashe, shi kansa ya mutu a dajin Sambisa a 2021 lokacin da tsoffin abokan tafiyarsa suka rutsa shi.

Hayatu ya bar Sakkwato yana da kusan shekara arba'in, ya yi shekara ashirin yana neman hanyar komawa a matsayin shugaba. Bai sake ganin garin ba.